Aiki Ya Samu a Ƙasar Waje, Ga Kare a Tsakar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga unguwa a Jos, daga Rikkos har Dadin Kowa, ba ka ji labarin wanda ya tattara ya tafi aiki ƙasar waje ba: ma'aikatan jinya zuwa Ingila, likitoci zuwa Saudiyya, masu aikin kwamfuta zuwa Kanada. Ana shirin fasfo da biza, ana sayar da mota, ana rabar da kayan ɗaki, amma akwai abu guda da ake mantawa da shi sai ana saura mako a tashi, wato karen da ke tsakar gida. Lamarin ya fi nauyi idan karen ba saya aka yi ba, tsintarsa aka yi yana kwikwiyo a cikin kwata, ko aka ƙwace shi daga hannun yara masu jifa, aka yi jinyarsa har ya murmure. Na daɗe ina kiwon karnuka a garin nan, kuma waɗannan su ne tambayoyin da masu shirin tafiya suka fi kawo mini.

Shin hankali ne mutum ya tsaya yana auna kare da aikin da zai gyara masa rayuwa?

Hankali ne, sai dai yawancin masu tambayar sun ɗora ma'aunin ba daidai ba. Suna ɗauka zaɓi biyu ne kawai a gabansu, ko su ƙi aikin su zauna da karen, ko su karɓi aikin su rufe ido. A ra'ayina, mutumin da ke ɗauke da nauyin iyaye da ƙanne da 'ya'ya, aka kuma buɗe masa ƙofar halal da za ta sauƙaƙa wannan nauyi, ya kamata a mafi yawan lokuta ya tafi, kuma ba shi da abin jin kunya. Amma tafiyar ba ta sauke masa amanar da ya ɗauka ran da ya tsugunna ya ɗago dabbar nan ba, domin tun daga ranar ya raba ta da koyon neman abinci a bola, ya saba mata da kwano da inuwa da muryar mutum ɗaya. Alkawari kaya ne, ko da wanda aka yi wa ba ya magana.

Hanyoyin da suka halatta uku ne: a tafi da shi, a damƙa shi a hannun wanda zai riƙe shi da gaske, ko a nemi a ɗaga ranar fara aikin har a kammala ɗaya daga cikin biyun farko. Dukkansu lokaci suke ci, kuma wanda ya makara shi ne yake faɗawa hanya ta huɗu, ta buɗe ƙofa a kore shi.

Me addini ya ce? A gida ana ce mini kare ne fa, ba mutum ba.

Gaskiya ne ba mutum ba ne, kuma babu mai cewa a fifita shi a kan haƙƙin iyaye. Amma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito sananne ne, na mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai lallage don ƙishi, Allah ya gafarta masa, har sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, aka amsa musu cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Haka kuma hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Wanda zai ɗaure kare a gidan da babu kowa ya hau jirgi, ya dubi wannan hadisi na biyu da kyau.

Game da ajiye karen kansa, hadisi ya yi gargaɗi a kan riƙe kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, kuma malamai da dama sun shigar da gadin gida a cikin wannan izini idan akwai buƙata. Malaman Malikiyya suna kawo labarin Ibn Abi Zaid, marubucin Risala da almajirai ke karantawa a zauruka, cewa ya ajiye kare a gidansa da katangarsa ta faɗi, da aka tuna masa da matsayin Imam Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. A mazhabar Malikiyya dai kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau 7. Ga Kiristocin Jos kuwa, Littafin Karin Magana 12:10 ya siffanta adali da cewa yana kula da ran dabbarsa. Babu ɗaya daga cikin addinan biyu da ya wajabta maka ƙin aiki saboda kare, babu kuma wanda ya ba ka izinin yasar da shi.

Ana iya fitar da kare daga Nijeriya kuwa?

Ana iyawa, kuma ɓangaren Nijeriya shi ne mai sauƙin. Ana buƙatar katin rigakafi da likitan dabbobi mai rajista ya cike, da takardar shaidar lafiya da likitan gwamnati ya sa wa hannu, da izinin fitarwa, sannan jami'an hukumar NAQS, mai kula da shige da ficen dabbobi da tsirrai, su duba karen da takardunsa a filin jirgi. Ta Abuja ko Legas ake fita, domin jiragen Heipang, filin jirgin Jos, na cikin gida ne, saboda haka a lissafa da tafiyar mota ta Akwanga da Keffi, wadda ita kaɗai gajiya ce ga dabbar da ba ta taɓa shiga mota ba.

Wahalar tana can ƙasar da za a shiga, kuma dalilinta ɗaya ne: cutar haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake ɗauka masu haɗari, don haka duk ƙasar da ta kawar da cutar tana kallon karen Jos da idon tuhuma har sai takarda ta wanke shi. Mu a nan muna da gata guda, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924 kuma take haɗa allurar rigakafin wannan cuta, tana nan kusa da mu. Wanda ke zaune a Jos bai da uzurin barin karensa ba allura.

An ba ni wata 2 in fara aiki a Ingila. Zai isa?

Ba zai isa ba, sai fa idan an riga an yi gwajin jini tun da can. Wannan ita ce tambayar da ta fi karya zuciyar mutane, don haka bari in zayyana lissafin dalla-dalla.

Da farko ana saka wa karen ƙwayar shaida ta lantarki, 'yar abu kamar ƙwayar shinkafa da ake turawa ƙarƙashin fata da allura, mai ɗauke da lamba 15 da na'ura ke karantawa. Wajibi ne ƙwayar ta riga allurar rigakafin shiga, domin duk allurar da aka yi kafin ita ba a lissafa ta, ko da katin yana nuna shekara 5 ana yi ba fashi. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Bayan ƙwayar sai allurar haukar kare, kuma sai karen ya kai mako 12 da haihuwa. Sai a jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jini, a aika ɗakin gwajin da ƙasar ta amince da shi, wanda a aikace yakan zama a waje, kamar Afirka ta Kudu ko Turai, kuma dole sakamakon ya nuna garkuwar da allurar ta samar a jininsa ta kai 0.5 a ma'aunin da ake aiki da shi a duniya. Daga ranar da aka ɗebi jinin, ba ranar da sakamako ya dawo ba, sai a ƙirga wata 3 cur kafin a bar karen ya shiga. Jimilla wata 4 ke nan idan komai ya tafi daidai, idan kuwa garkuwar ba ta kai ba, sai a sake allura a koma farko.

Sauran ƙa'idojin na kusa da tafiya ne. Ana ba shi maganin tsutsar ciki a hannun likita tsakanin awa 24 da awa 120 kafin shiga, takardar lafiyarsa kuma kada ta wuce kwana 10 da sa hannu. Ba a yarda ya zauna tare da fasinja ba, ta sashen kaya zai shigo. Akwai kuma wata ƙa'ida da mutane ba su cika sani ba: ana ɗaukarsa dabbar gida ce kawai idan ya iso cikin kwana 5 kafin ko bayan isowar mai shi, in ya wuce haka sai ya faɗa ƙarƙashin dokokin shigo da dabbobi na kasuwanci, masu ƙarin takardu da kuɗi. Shi ya sa wasu suke tafiya su fara aiki, su bar shi a hannun amana, su dawo hutun farko su ɗauke shi. Wanda ya karya ƙa'ida ana iya killace karensa har wata 4 a kan kuɗinsa. Ƙasashen Tarayyar Turai ma suna neman gwajin jinin nan da zaman jira makamancin wannan.

Abin daɗin shi ne gwajin ba ya lalacewa muddin ana sabunta allurar a kan lokaci ba tare da giɓi ba. Saboda haka ranar da ka fara cike takardun neman aiki, ko ka yi rajistar jarrabawar Turanci, ranar ce ta kai kare wurin likita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amurka da Kanada da Ostareliya fa?

Amurka ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe masu haɗari a watan Yulin 2021, sannan ta kafa sababbin ƙa'idoji daga 1 ga Agustan 2024. Yanzu sai kare ya kai wata 6, yana da ƙwayar shaida, an cike masa fom na hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka, likitan gwamnati ya tabbatar da allurarsa, an kuma kama masa wuri tun kafin tafiya a ɗaya daga cikin 'yan cibiyoyin kula da dabbobi da hukumar ta yi wa rajista, ta filin jirgin da cibiyar take zai sauka. Idan babu sakamakon gwajin jini daga ɗakin gwajin da suka yarda da shi, za a killace shi kwana 28. Kanada ta haramta shigo da karnukan kasuwanci daga irin waɗannan ƙasashe tun 28 ga Satumban 2022, har da waɗanda ake kaiwa don a ba wani riƙo, amma karen da yake na mutum ne da kansa hukuncinsa daban. Ostareliya ba ta karɓa kai tsaye daga Nijeriya, sai karen ya fara zama wata 6 a wata ƙasar da ta amince da ita. Waɗannan dokoki suna canzawa, don haka a karanta shafin gwamnatin ƙasar a makon da za a fara shiri, kada a dogara da abin da wani ya yi bara.

Ni Saudiyya ko Dubai zan tafi.

Saudiyya ta taƙaita shigo da karnuka ga na gadi da farauta da masu yi wa makafi jagora, kuma sai da izini tun kafin a taso. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, tana karɓa da izinin shigarwa da gwajin jini, ta sashen kaya, tare da jerin nau'o'in da ta haramta. Amma takarda ba ita ce babbar matsala a can ba. Mafi yawan ma'aikata gidan da asibiti ko kamfani ya bayar suke zama, sau da yawa mutum biyu ko uku a gida ɗaya, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Karen da ya girma a sanyin Jos, a tudun da ya kai mita 1,200, yana kwana a waje yana shan iskar Disamba, zai ƙare rayuwarsa a ɗaki ƙarƙashin na'urar sanyaya wuri. Ga masu tafiya wannan yanki, kusan kullum shawarata ita ce a bar shi a gida.

Nawa abin zai ci?

Ba zan faɗi adadi ba, domin da kuɗin waje ake biyan mafi yawansa, farashin kuma yana bin canji. Abin da za a lissafa shi ne ƙwayar shaida da allurai, aika jini waje, keji mai ƙa'idar jirgi, kuɗin ɗaukar kaya, ladan ejan da zai bi takardu, da kuɗin karɓa a filin jirgin da za a sauka. Kuɗin jirgin da girman keji ake auna shi, ba nauyin kare kaɗai ba, shi ya sa babban kare yakan fi mai shi tsadar tikiti. A nemi farashi a rubuce daga wuri biyu ko uku. Sannan a yi wa kai tambaya ta gaskiya: wannan kuɗi, da aka ware shi don ciyar da karen a Jos, shekara nawa zai kai?

Jirgin ba zai cutar da shi ba?

Lafiyayyen kare yana jure wa tafiyar, domin wurin da ake ajiye dabbobi a jirgi yana da iska da ɗumi. Ƙa'idar kejin ita ce ya iya tsayawa ba tare da kansa ya taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta. A sayi kejin da wuri a riƙa ba shi abinci a ciki har ya ɗauke shi ɗakinsa. Kada a ba shi maganin barci, likitoci da kamfanonin jirgi sun hana, saboda yana sauke hawan jini a sama. Tsoho, da mai ciwon zuciya, da irin masu gajeren hanci, su ne abin tsoro, kuma kare da aka ceto daga duka ko ɗauri, wanda har yau yake rawar jiki idan aka rufe shi, shari'arsa daban ce, a tattauna da likita.

To in ya isa lafiya, zai ji daɗin zaman can?

Wannan ce tambayar da son zuciya ke sa a tsallake. Sabon zuwa a Ingila yakan fara da ɗaki guda a gidan haya na haɗaka, masu gidaje da yawa kuma ba sa son dabba. Ma'aikaciyar jinya tana aikin awa 12, alhali ƙungiyoyin kula da dabbobi a can suna ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa 4. Babu tsakar gida, babu ƙanen da zai zuba masa ruwa, babu sauran tuwon dare, komai saye ne, likita kuma tsada gare shi. Safe da yamma sai an fita da shi da igiya, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, a kuma kwashe kashinsa a leda, in ba haka ba tara. Haushin da a Jos ake yaba masa a ce yana gadi, a can ƙara ce maƙwabta za su kai. Akwai kuma nau'o'in da doka ta haramta tun 1991, irin su Pit Bull, kuma da siffar jiki ake hukunci, ba da abin da aka rubuta a kati ba.

Wanda zai tafi da iyali, ya sami gida mai fili, yana da aikin da zai dawo da wuri, to tafiya da karen alheri ce. Wanda zai tafi shi kaɗai ya yi dare da rana yana neman kuɗin turowa gida, ya tambayi kansa ko don karen yake son ɗaukarsa, ko don kewar da shi kansa yake tsoro.

Idan zan bar shi, wa zan ba?

Wanda ya riga ya san shi, kuma karen yake kaɗa masa wutsiya, ya fi baƙo komai kyan alkawarin baƙon. Bayan haka a duba gidan da ido, gani ya kori ji: akwai katanga da ƙofa mai rufuwa, akwai inuwa da wurin fakewa daga ruwan Agusta, gidan nasa ne ko haya, in haya ne mai gidan ya yarda? A tambayi uwargida ita ma, domin maigida ne yake cewa a kawo, amma ita ce take wuni da shi, kuma na ga riƙo da yawa ya watse saboda ba a nemi yardarta ba.

A yi hattara da mai cewa yana son kare mai cizo, irinsu ne suke ɗaure dabba da gajeriyar sarƙa a rana su hana ta abinci wai don ta yi zafi. A yi hattara kuma da sanarwar "kyauta ga mai so" a Facebook ko WhatsApp. Cin naman kare al'ada ce ga wasu al'ummomi a Filato da kudancin ƙasar nan, kuma kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke tana cikin manyan kasuwannin karnuka, masu saye suna yawo gari-gari suna tarawa. Ba hukunci nake yanke wa kowa ba, amma ƙosasshen kare da aka bayar kyauta ga wanda ba a sani ba, kuɗi ne a tsaye, kuma ba don haka ka yi jinyarsa ba.

Kafin a miƙa shi a kammala allurai, a yi maganin kaska da ƙuma da tsutsa, a kuma sa likita ya yi masa fiɗiya, in karya ce a yi mata aikin hana haihuwa. Namijin da ba a fiɗiye ba yana tsallake katanga ya bi mata, karya kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara, ka ga ka bar wa mai riƙo nauyin da bai yi alkawarinsa ba.

Yaya zan yi maganar kuɗi da babba ba tare da na ɓata masa rai ba?

Idan baffanka ne ko kawunka, kada ka shigo da maganar kamar ciniki. Ka je da kanka, ka gaishe shi, ka ce: "Baffa, alfarma na zo nema. Kun san karen nan a hannuna ya tashi, kuma babu inda hankalina zai kwanta da shi kamar gidan nan. Abincinsa da maganinsa suna wuyana, duk wata zan turo, ku dai ku sa mini ido." Zai ce haba, mene ne abin turowa, kai kuma ka turo ɗin. Kuɗin allura gara ka biya likitan kai tsaye ya riƙa zuwa gida, don kada ranar ta zo daidai da ranar kuɗin makaranta. Yaron gidan da zai riƙa wanke kwano da share wuri, a ware masa nasa ihsanin daban.

Idan ba dangi ba ne, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu: ba za a sayar ba, ba za a bayar ba sai da saninka, in riƙon ya gagara ga wanda za a kira. Wannan mutum na biyu wajibi ne, domin kare yana kai shekara 10 zuwa 13, a cikinsu kuwa ana canja wa mutane wurin aiki, ana aure, ana rasuwa.

Yaya ake miƙa shi?

A hankali, kuma kana gari. Wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ta tsinci 'yar kwikwiya a bakin kwata wajen Farin Gada da damina, duk ƙazuwa ta cinye mata gashi, ta naɗo ta a tsohon zani, ta raɗa mata suna Tsintuwa. Bayan shekara 3 aiki ya same ta a Ingila, ta yanke shawarar barin ta a gidan yayarta a Bukuru. Mako 6 kafin tafiya ta fara kai ta can duk Asabar, su wuni su dawo tare. A mako na uku ta bar ta ta kwana. A na huɗu ta kai kwanonta na silba mai lotsattsen baki, da buhun da take kwanciya a kai, da wannan tsohon zanin da ba a wanke ba, ta kuma daina zuba mata abinci da hannunta, sai ɗan yayar ne ke zubawa tana tsaye a gefe. Duk da haka, kwana 3 na farko bayan tafiyar karyar ba ta taɓa abinci ba, tana kwance ta sa hanci a ƙarƙashin ƙyauren gida, a rana ta huɗu yaron ya zauna kusa da ita da ɗan romo a murfin tukunya ta lashe. Makonnin farko ba a bar ƙofa a buɗe ko na minti ɗaya ba, domin kare yana iya kama hanyar tsohon gida, titin Bukuru kuwa ba ya yafiya.

Kada a canja masa irin abincin da ya saba a lokaci guda, kada kuma a yi dogon ban kwana da kuka a kansa, ɗaga masa hankali kawai yake yi.

In bar shi a gidana tare da mai gadi?

Yana yiwuwa idan akwai ɗan uwa da zai riƙa leƙawa duk mako. In babu, a'a. Mai gadi yana barin aiki, yana tafiya gida da sallah ko Kirsimeti, wani ma tsoron karen yake ji bai faɗa ba.

Ba gara in kai shi bayan gari in sake shi ba, ko a yi masa allurar mutuwa?

Sakin kare a daji ko kasuwa kisa ne da jinkiri. Wanda ya saba da kwano bai iya farauta ba, karnukan wurin za su yayyage shi, ko mota ta take shi, ko a kama shi, in kuma ya rayu allurarsa za ta ƙare ya zama haɗari ga yaran mutane. Allurar mutuwa kuwa hukunci ne na likita a kan dabbar da ciwo ya ci ƙarfinta babu magani, ko wadda cizonta ya gagari kowa. Ba a yi ta don ranar tashin jirgi ta matso ba.

Akwai halin da ya dace a ɗaga tafiyar ko a haƙura da aikin?

Ɗagawa tana yiwuwa fiye da yadda mutane suke zato, kuma roƙon mako 3 ko 4 don kammala al'amuran gida ba baƙon abu ba ne ga masu ɗaukar ma'aikata daga waje, sai dai a kula da wa'adin biza kafin a nema. Haƙura gaba ɗaya kuwa, na fi fahimtarta ga wanda aikinsa na nan yana riƙe da shi, na can ɗin bai fi shi da nisa ba, karen kuma tsoho ne da bai yarda da hannun kowa ba. Irin wannan mutum in ya zauna, ba wauta ya yi ba, kuma ba sai ya yi wa kowa bayani ba. Amma a bincika zuciya, domin wani tsoron baƙunta ne yake damunsa, sai ya fake da kare.

Zai manta da ni? In na dawo zan iya karɓar abina?

Ba zai manta ba, karnuka suna gane mutum da ƙamshi da murya bayan shekaru, kuma ranar da ka dawo za ka gani a jikinsa tun kafin ka sauke jaka. Amma ganewa daban, komawa daban. Idan ka yi shekara 1 ka dawo da takardunsa a shirye, kuma haka aka yi da mai riƙo tun farko, ka ɗauki abinka. Idan shekara 4 ko 5 suka wuce, ya tsufa a wancan gida, yaran gidan sun tashi da shi, to ya zama nasu, sake tumɓuke shi zalunci ne a kansa da su. Maƙwabciyar tawa ta zo hutu bara, Tsintuwa ta yi ta tsalle tana kuka har ta yaga mata gefen mayafi, ta bi ta ɗaki-ɗaki duk wunin. Da magariba ta yi aka rako ta bakin mota, karyar ta tsaya a ƙofa tana kallo har motar ta juya, sannan ta koma ta kwanta a kan buhunta kusa da ɗakin yaron.